Abin da aka tattauna a fadarmu kan neman gida a ƙasar waje

Daren Juma'a a fadarmu ta unguwar Birni, shayi na kan wuta, hira ta koma kan ƙanenmu da zai tafi karatu Faransa. Waɗanda suka taɓa zaman waje kowa ya kawo tasa.

Bakinsu ya zo ɗaya a kan abu guda: kada a tura ko dala kafin ido ya ga ɗakin. Hoto a intanet ba shaida ba ne. A fara sauka wajen ɗan gari, kamar yadda fatake ke yi a Zango tun da.

A Faransa mai gida zai nemi wanda zai tsaya maka. Ɗalibin da ba shi da kowa ya nemi lamunin Visale, wato tsarin da ke tsaya wa ɗan haya a wajen mai gida, kyauta ne, kuma ya fara gwada ɗakunan CROUS, hukumar da ke kula da masaukin ɗalibai. Kuɗin ajiya ba ya wuce na hayar wata 1 in gidan babu kaya, wata 2 in da kaya. Ranar shiga a rubuta duk wata ɓaraka a takarda, har tsagewar bango, in ba haka ba daga ajiyarka za a cire. Wannan ce shawarar da ta fi burge ni, don mu nan da baki muke gama magana.

Masu zuwa Kano suka ce can kuɗin shekara ake biya gaba ɗaya, ga la'adar dillali.

Maganar saye kuwa, wani dattijo ya ce a bi a hankali. A Gana baƙo ba ya mallakar fili har abada, iyakarsa hayar shekara 50.