Waɗanda muka aika ƙetare: yaya kuka riƙe su da naira ta faɗi?

Ma'ajin ikilisiya, Kaduna

Salama a gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu. Shekara bakwai ke nan ina riƙe da littafin kuɗin ikilisiyarmu, kuma akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. A 2019 muka keɓe wani mai bishara da matarsa da 'ya'yansu uku, muka aika su Jamhuriyar Nijar. Ranar keɓewar majami'a ta cika har waje, zumuntar mata suka yi anko, dattawa suka ɗibiya musu hannu, ni kuma na tashi gaban jama'a na karanta alkawarin majalisa, cewa kowane wata za mu aika musu da naira dubu tamanin muddin suna bakin aiki.

Ko wata ɗaya ba mu tsallake ba, kuma da wannan nake fahariya har 2023 ta zo. A farkon shekarar ƙarancin takardun kuɗi ya rage baiko, a ƙarshen Mayu aka cire tallafin mai, a Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. Ana cikin haka sojoji suka yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yuli, aka rufe iyaka. Duk lokacin da na kira mai bisharar na tambaye shi ko saƙo ya iso, amsarsa ɗaya ce: “Ya iso, Baba Ma'aji, Allah ya sa albarka.” Sai da ya turo hoton wata baftisma da aka yi a ƙauye, na hango tsohon keke a jingine jikin bishiya, na tambaye shi ina babur ɗin da muka saya masa. Ya yi shiru, sannan ya ce ya sayar tun wata huɗu da suka wuce, don kuɗin da nake aikawa, idan an canza su zuwa sefa, kuɗin Nijar, ba sa kai rabin abin da suke kaiwa a da.

Ina roƙon waɗanda ikilisiyarsu ke da ma'aikaci a wata ƙasa, da waɗanda su ne aka aika, su faɗa mana yadda suka bi da wannan lokaci.

Uwar zumunta, kusa da Kachia

Baba Ma'aji, sannu da ɗawainiya. Mu namu yana Chadi, kuma a shekarar da kake magana annoba ta cinye mana citta a gona, alhali da kuɗin citta mutanenmu ke biyan makaranta, da shi ake cika alkawarin baiko. Da godiyar kaka ta zo, abin da aka tara bai kai kashi ɗaya cikin uku na shekarar da ta gabata ba, dattawa kuwa suka fara maganar a kira shi ya dawo gida har abubuwa su daidaita.

Mu mata muka ce a ba mu wata uku. Muka koma ga abin da iyayenmu mata suke yi a da, wato duk wadda za ta ɗora tukunya ta ɗebi cikin tafin hannu ɗaya na hatsi ta zuba a wata ƙwarya dabam, ranar zumunta a kawo. A wata na farko mun tara buhu ɗaya da rabi na masara da mudu goma sha ɗaya na wake, muka sayar ranar kasuwa. Bai cike giɓin ba, amma ya sa mazan suka ji kunya, zumuntar maza suka ɗauki kuɗin makarantar yara biyu. Wata gwauruwa wadda na san ba ta da komai ta kawo ƙwai shida a cikin leda, na so in mayar mata, ta ce kada in hana ta rabonta.

Matar mai bishara, yanzu a Zariya

Iyayena, ina gaishe ku. Mun yi shekara shida a wani gari cikin jihar Damagaram, ba zan ambaci sunansa ba, kuma ba daga ikilisiyar Baba Ma'aji muka fito ba, amma da na karanta labarin babur sai da hawaye ya zubo mini. Maigidana ma haka yake amsa waya. Mai bishara ba ya son a ce ya yi ƙorafi, yana tsoron a ɗauka bangaskiyarsa ce ta yi rauni, ko a ce masa to ya tattara ya dawo.

Da aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, shinkafa da magani suka yi tsada, ɗan kasuwar da ke kawo mana saƙo ya yi mako bakwai bai zo ba. Na fara suyar ƙosai a ƙofar gida, abin da ban taɓa yi ba. Maƙwabciyata Hajiya, wadda katanga ɗaya ce tsakaninmu, ta lura hayaƙi ba ya tashi a gidanmu da rana. Wata Laraba da la'asar ta shigo da tiya biyu na gero a kan jikarta, ta ajiye ba ta ce komai ba. Na ce, “Hajiya, ai mu ne muka zo domin mu bayar.” Ta yi dariya ta ce, “Malama, maƙwabci yana da haƙƙi, ko ba haka yake a littafinku ba?” Sannan ta yi mini tambayar da har yau take suka na: “Mutanenku da suka turo ku, sun manta da ku ne?”

Na rasa amsa, domin ban so in yi ƙarya ba, ban kuma so in kunyata ikilisiya a gabanta ba. Na ce ba su manta ba, su ma wahalar ta same su.

Shekara huɗu muna gaisawa da Hajiya, ina kai mata shinkafar Kirsimeti tana kawo mini naman layya, amma ba mu taɓa maganar addini ba sai bayan wannan geron. Ita ce ta fara. Ta ce tana jin mu da asuba muna waƙa ta bayan katanga, me muke faɗa wa Allah alhali babu abin karin kumallo? Na zauna a tabarmarta na faɗa mata addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa, inda muke roƙon abincin yini da gafarar laifofinmu, na kuma faɗa mata dalilin da ya sa muke kiran Allah Uba. Ta ce wannan na ƙarshen ba ta yarda da shi ba, ta bayyana mini nata dalilin, na saurara kamar yadda ta saurare ni. Mun yi irin wannan zama ya fi sau goma. Hajiya tana nan a Musuluncinta, ba zan ƙara wa labarin gishiri ba, amma da 'yarta ta sha wahalar naƙuda cikin dare ni ta aiko aka tasa, ta ce in zo in riƙe hannunta in yi irin addu'ata.

Mun dawo bayan an buɗe iyaka a Maris 2024, saboda karatun babbar 'yarmu. Kuɗi sun yi mana ƙaranci, gaskiya ne, amma abin da ya fi mini ciwo shi ne cikin shekara shida ba wanda ya tako daga gida ya ga inda muke kwana.

Fasto mai ritaya, Jos

'Yata, Ubangiji ya ga hawayenki. Ku bar ni in koma baya kaɗan, domin tsufa ya ba ni wannan dama. Turawa uku na farko da suka kafa mishan ɗin SIM sun sauka Legas a ƙarshen 1893, kuma a cikin 1894 Walter Gowans ya rasu a Girku, Thomas Kent ya rasu a Bida, Rowland Bingham kaɗai ya koma gida. Ba albashi tsayayye suka zo da shi ba. Ƙungiyar aika masu bishara ta 'yan ƙasa, wadda muka sani yau da EMS, an kafa ta a 1948, shekara shida kafin ita ikilisiyar ECWA kanta ta tsaya a 1954, wato iyayenmu sun fara aikawa tun ba su gama gina nasu ɗakunan sujada ba. A zamanin da Panya Baba ya karɓi ragamarta, daga 1970, aka ƙara ƙaimi wajen tsallaka iyaka.

Ni da aka fara aika ni, abin da na tafi da shi fartanya ne da fitilar ƙwai da Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi. Mai gari ya ba ni gona, na yi noma kamar kowa, kuma a bakin gona na yi abokan da daga baya suka zama dattawan ikilisiyar wurin. Saboda haka ra'ayina bai canza ba: kada a aika mutum ƙetare sai yana da sana'a a hannu, ko ɗinki, ko kafinta, ko aikin jinya. Manzo Bulus ya yi ɗinkin tanti a Koranti tare da Akila da Bilkisu. Sai dai ban manta cewa ikilisiyar Filibi ba kuɗi kaɗai ta aika masa ba, mutum ta tasa, Abafaroditus, ya kai saƙon da ƙafarsa har ya kusa mutuwa a hidimar. A nan maganar 'yata ta kama mu duka.

Dattijon ikilisiya, Maraɗi

Baba Fasto, da girmamawa zan ɗan saɓa maka. A zamaninku mai gari yana da dajin da zai yanka wa baƙo. Yau a ƙasar Maraɗi ɗan gida ma gonar gado ba ta isarsa, balle baƙon da ya zo da fasfo. Sana'a tana taimakawa, amma kada ta zama hujjar da ikilisiya za ta zare hannunta.

Baba Ma'aji, kuskuren yana cikin takardar da ka karanta ranar keɓewa. Kun yi alkawari da naira, mutumin kuwa da sefa yake sayen gero. Sefa tana ɗaure da kuɗin Turai, ba ta tangaɗi irin na naira, don haka duk faɗuwar da naira ta yi a kansa ta sauka shi kaɗai. Ku rubuta cewa jika kaza ta sefa za ta shiga hannunsa kowane wata, ku kuma ku san yadda za ku haɗa nairar da za ta saye ta.

Abu na biyu, ku riƙa sanar da mu idan kun aiko mutum. Akwai ikilisiya a ƙasar nan tun kafin a haifi yawancinmu. 'Yan mishan sun zauna Zinder tun 1924, asibitin Galmi yana aiki tun 1950, a Tsibiri nan kusa da mu aka horar da masu bishara da yawa. A lokacin rufe iyaka na sami wani ɗan'uwa daga Najeriya a tashar mota yana neman wanda zai ranta masa kuɗin komawa ƙauyen da yake aiki, shekara biyu yana jiharmu ba mu san da shi ba. Muka kai shi gida, matata ta auna masa hatsi, muka haɗa shi da wani ɗan kasuwa amintacce da ke bin hanyar Jibiya, aka riƙa ba wa ɗan'uwan ɗan kasuwar naira a Katsina, shi kuma ɗan kasuwar yana ba mai bisharar sefa a nan. Da wasiƙa guda ta zo mana tun farko, da bai kai ga tsayuwa a tasha ba.

Ma'aikaciyar jinya, Ingila

Iyayena, ni faɗuwar nairar riba ta zame mini, kuma na daɗe ban ga nauyin da hakan ya ɗora mini ba. Fam ɗin da nake turawa gida ya ninka a hannun mahaifiyata, na yi ta murna, ban taɓa tunanin mai bisharar da aka keɓe ina cikin ƙungiyar mawaƙa ba, sai da wata abokiyar aikina, wadda ba ta zuwa coci, ta ga hotonsa a wayata ta tambaye ni wa ke ciyar da shi. Yanzu mu biyar 'yan garinmu da ke nan mun ɗauki kuɗin asibitin iyalinsa, muna bi ta hannun ma'ajin ikilisiya domin kada ya zama muna da namu mai bishara dabam da na jama'a. Abokiyar tawa takan tambaye ni labarinsa lokacin hutun shayi, daga nan hira takan kai mu ga abin da ya sa mutum zai bar garinsu saboda Yesu.

Ma'ajin ikilisiya, Kaduna

Na gode, iyayena da 'yan'uwana. Na karanta wa majalisa amsoshinku ranar Asabar, zaman ya kai mu har bayan magariba. An amince a sake rubuta alkawarin da sefa, kamar yadda Dattijo ya ba da shawara, ko da yake sai da aka kai ruwa rana, domin hakan na nufin dakatar da aikin silin da aka riga aka tara wa kuɗi, kuma shugaban kwamitin gini bai ji daɗi ba. An zaɓi mutum biyu, dattijo ɗaya da mace ɗaya daga zumunta, su tafi su kwana uku a gidan mai bisharar bayan Ista. Dattijo, za su biyo ta Maraɗi da wasiƙa daga fastonmu, idan za ka karɓe su.

Babur bai samu shiga kasafin bana ba, matasa sun ce za su gwada. Abin da muka tashi ba mu warware ba shi ne karatun babban ɗansa, wanda ya gama firamare da Faransanci: wasu sun ce a kawo shi Kaduna ya zauna a gidan ɗaya daga cikinmu, wasu sun ce raba yaro ɗan shekara goma sha biyu da iyayensa ba ƙaramin abu ba ne. Mama da ke Zariya, ke da kika bi ta wannan hanya da 'yarki, da an ba ku zaɓin nan a lokacin, za ku bar ta ta zo ita kaɗai ku ci gaba da zama?