Shawarwarin masu ɗaukar hoto a Kaduna kan haɗa hoto mai faɗi

Masu ɗaukar hoto da suka tattauna a Kaduna sun fi amincewa da Hugin, manhajar kyauta, wajen haɗa hotuna su zama ɗaya mai faɗi. Sun ce kowane hoto ya hau kan na gefensa da kusan sulusi, domin manhajar ta sami alamomin daidaitawa kamar tagogin Lugard Hall, wani tsohon gini a Kaduna, tunda ruwan Kogin Kaduna mai gudana ba ya ba ta abin kamawa. An fi nanata kulle hasken kyamara tun farko, wato a hana ta sauya yawan hasken da take ɗauka daga hoto zuwa hoto, in ba haka ba sama za ta fito rabi fari rabi duhu, har Enblend, manhajar da Hugin ke amfani da ita wajen shafe mahaɗar hotuna, ta kasa ɓoyewa. Keke Napep da ya fito sau biyu kuwa, saboda yana tafiya lokacin ɗaukar hotunan, sai a zagaye ɗaya a cire kafin haɗawa.