Neman kalma: me za mu kira majalisar da babu jam'iyyar da ta haura rabi?

Tafinta: Assalamu alaikum. Ina neman Hausar kalmomi biyu da ke yawan zuwa tare a labaran siyasar duniya, wato "hung parliament" da "minority government". Ta farko majalisa ce da aka gama zaɓe babu jam'iyyar da ta haura rabin kujeru. Ta biyu gwamnatin da ke mulki alhali kujerunta ba su kai rabin ba. Don Allah kada wani ya kawo "majalisar da aka rataye", mai sauraro zai ɗauka hukuncin kisa aka zartar.

Mai Gyaran Labarai: Wa alaikumus salam. Malam, mu fara gyara "rinjaye" tukuna, don a nan ɓarakar take. Abu biyu muke kira da ita: fin kowa kujeru, da haura rabi. A zaɓen Birtaniya na 2017 jam'iyyar Conservative ta Theresa May ta sami kujeru 317 cikin 650, Labour ta sami 262. Ta fi kowa, amma 326 ake bukata. Wanda ya rubuta "ta yi rinjaye" ya bar mai karatu cikin duhu, don ba zai gane abin da ya sa wadda ta ci zaɓe ta koma neman agaji ba. Na farkon a ce "tana kan gaba", na biyun "cikakken rinjaye".

Malamar Siyasa: Na yarda. To, "majalisar kunnen doki" fa?

Mai Gyaran Labarai: Malama, kunnen doki sai an zo daidai wa daida, haka ma canjaras. A Afirka ta Kudu a 2024 ANC ta sami 159 cikin 400, DA da ke biye da ita 87. Wannan doki kunnensa ɗaya ya kusa ninka ɗaya.

Tafinta: Na yi tunanin "majalisa marar rinjaye", sai na ga za ta yi karo da "marasa rinjaye" da aka saba kiran ɓangaren adawa da shi.

Lauya: A ce "majalisar ba-rinjaye" mana. Ginin ba baƙo ba ne, muna da "ba-zata", muna da "ƙasashe 'yan ba-ruwanmu". Gajeriya ce, za ta shiga kanun labari, kuma ba ta ce an zo daidai ba.

Malamar Siyasa: Wannan ta zauna. Ta biyun ce mai wuya. "Gwamnatin tsiraru" ba za ta yi ba ko kaɗan, domin kunnen Bahaushe ya riga ya ɗaure ta da mulkin tsirarun fararen fata na zamanin wariyar launin fata. Kafin mu raɗa suna, mu dubi abin da ke samun shugaban da jam'iyyarsa ta faɗo ƙasa da rabi a tsarin firaminista. Ko dai ya yi haɗaka, ya raba kujerun ministoci har jimillar ta haura rabi, kamar yadda shugaban Afirka ta Kudu Ramaphosa na ANC, wanda majalisa ke zaɓa, ya yi da DA da wasu ƙananan jam'iyyu. Ko ya sami ƙaramar jam'iyyar da ba za ta shiga gwamnati ba, amma ta sa hannu cewa za ta mara masa baya a kan kasafin kuɗi da ƙuri'ar yankan ƙauna. Haka May ta yi da DUP, jam'iyyar Ireland ta Arewa mai kujeru 10, aka ƙara wa Ireland ta Arewa fam biliyan 1. Ko kuma ya zauna babu yarjejeniya, kowane ƙuduri sai an yi ciniki daga farko. Na farkon yana da suna, haɗaka. Sauran biyun muke nema wa.

Abin da masu fassara ke yawan mantawa shi ne wuƙa biyu ce a wuyan irin wannan shugaba: ta majalisa da ta cikin gida. May ta tsallake duka biyun. A Disamban 2018 'yan majalisar jam'iyyarta suka yi ƙuri'a a kanta, ta sha da 200 da 117. A Janairun 2019 majalisa ta yi fatali da yarjejeniyarta ta ficewa daga Tarayyar Turai da 432 da 202, washegari gwamnatinta ta tsira daga yankan ƙauna da 325 da 306. Ku lissafa: da 'yan DUP goman nan sun juya, 315 da 316 ke nan, ta faɗi da ƙuri'a ɗaya. Ta tsira amma ba ta iya zartar da abin da ta hau dominsa ba, sai ga shi a watan Mayu ta sanar da sauka. A Japan ma, jam'iyyun LDP da Komeito da ke mulki a lokacin sun dawo kujeru 215 cikin 465 na majalisar wakilai a Oktoban 2024, suka sake rasa rinjaye a majalisar dattawa a Yulin 2025. Babu ƙuri'ar majalisa da ta kayar da firaminista Shigeru Ishiba. Matsin 'yan jam'iyyarsa ne ya sa ya sanar da murabus a Satumba. Ina son kalmar da za ta nuna gwamnati ce da ba ta tsaye da ƙafarta.

Tafinta: "Gwamnatin jingina"?

Lauya: Malam, jingina ai har da ajiye kadara a karɓi bashi. Ba za a ɗauka an jinginar da ƙasa ba?

Mai Gyaran Labarai: Barista, ni a wurina ma'anar nan riba ce. Wanda ya jingina da bangon wani, ranar da mai bango ya ga dama sai ya ji shi a ƙasa. Kuma babu mai ba da ƙuri'unsa kyauta: sai an ajiye masa wani abu, ko kuɗin yankinsa ko wata manufa da shugaba zai haƙura da ita. Duka biyun suna cikin kalmar.

Lauya: To na sallama, da sharaɗi biyu. Na ɗaya, a riƙa duba ko abokin tafiyar yana da minista, kuma jimillar ta haura rabi. A Indiya, jam'iyyar BJP ta firaminista Modi ta sami 240 cikin 543 a 2024, ana bukatar 272, amma abokanta irin su TDP da JDU suna cikin majalisar ministoci. Wannan haɗaka ce, ba jingina ba. Na biyu, kada a kai kalmar tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka. A can shugaba yana da wa'adinsa na shekara 4 ko majalisa tana hannun wa. Abin da jam'iyya ke rasawa shi ne kujerar kakaki da shugabancin kwamitoci, da ikon tsara abin da za a tattauna. Da Democrat ta rasa majalisar wakilai a 2022, Biden yana nan daram, kakakin majalisar Nancy Pelosi ce ta bar jagoranci.

Malamar Siyasa: A ƙara da cewa ƙarkon jinginar ya danganta da kundin tsarin mulki. A Jamus da Sifen ba a tsige shugaban gwamnati sai majalisa ta amince da magajinsa a ƙuri'ar, don haka 'yan adawa da ba sa ga maciji da juna ba za su iya ba. A Faransa babu wannan sharaɗi. Masu ra'ayin sauyi da masu ra'ayin riƙau suka haɗu suka kayar da firaminista Michel Barnier a Disamban 2024, ƙuri'a 331, wata uku kacal da hawansa.

Tafinta: Bari in gwada a jimla: "Zaɓen ya haifar da majalisar ba-rinjaye, jam'iyyar da ke kan gaba ta kasa yin haɗaka, za ta kafa gwamnatin jingina."

Mai Gyaran Labarai: Ta karantu. Sai dai a farkon ambato a kowane labari a biyo ta da adadin kujerun da na rabin da ake bukata, har kunne ya saba.