Ƙanwata na son karatun ungozoma amma kemistiri ya hana, ku taimaka da shawara

Assalamu alaikum jama'a, don Allah ina neman shawara. Ƙanwata ta gama sakandare a ƙauyenmu, ba ta da buri sai aikin ungozoma tun ranar da maƙwabciyarmu ta rasu wajen haihuwa muna hanyar asibiti a bayan a-kori-kura. Matsalar ita ce kiredit biyar ɗin nan da ake nema, turanci da lissafi da bayoloji duk ta samu, kemistiri da fiziks kuwa sau biyu tana zana NECO abu ya ƙi, kuma wallahi ba laifinta ba ne, makarantarsu ko malamin kemistiri babu balle lab.

Na san da akwai shirin Women for Health da ya yi aiki a Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe, ana ɗaukar 'yan matan karkara a yi musu sharar fage kafin su shiga makarantar jinya. To har yanzu akwai jihar da ke yin irinsa? Ta ina ake samun fom?

Ko wata ma'aikaciyar jinya ce ta samu da za ta riƙa ɗora ta a hanya ta waya, muna so. Baba ya fara maganar aure, ni kaɗai nake ta ba shi haƙuri.