Wai jami'a tana da ikon hana ɗalibi faɗin abin da ke ransa?

SabonShiga: Salam jama'a. Don Allah masu sanin doka ku taimaka min. Na zauna na karanta littafin dokokin ɗalibai da aka raba mana wajen rajista, sai naci karo da inda akace ba taro, ba raba takarda, ba manna fosta sai da izinin ofishin harkokin ɗalibai, sannan duk wanda yayi magana ko rubutu "mai zubar da mutuncin jami'a" ko a Facebook ne za a iya kaishi gaban kwamitin ladabtarwa. To in na rubuta cewa laburare bata buɗewa akan lokaci, na zubar da mutunci kenan? Haka akeyi ko'ina ko raina mana hankali akayi?

LauyanGobe: Wa alaikumus salam ƙanina. Abu biyu ka haɗa waje ɗaya. Dokar da ta tsara lokaci da wuri ba laifi bace, ba wanda zai barka ka ɗauko lasifika ka tsaya bakin ɗakin jarabawa kana ihu, ko a Amurka da suke ji da ƴancin magana kotuna sun yarda da wannan, sharaɗin dai kar a duba me zaka faɗa kafin a baka wurin. Inda gizo ke saƙar shine wancan "zubar da mutunci" ɗin, don waye zai fassara shi? Wanda ka soka mana. A 1989 kotun tarayya ta soke dokar jami'ar Michigan da ta hana kalaman ƙasƙanci, alhali niyyarsu mai kyau ce, kare ɗalibai daga wariyar launin fata sukeso, amma alƙali yace dokar tayi faɗi da yawa ɗalibi bazai gane inda ta fara da inda ta tsaya ba. Sai dai ka sani kariyar tsarin mulkinsu akan jami'o'in gwamnati take aiki, masu zaman kansu sunfi sakewa, banda California da tayi doka a 1992 ta haɗa harda su.

MalamaH: Ni koyarwa nakeyi, kuma ina roƙonku ku riƙa kallon ɗaya ɓangaren. Na taɓa ganin ɗaliba ta daina zuwa aji gaba ɗaya saboda abinda ake rubutawa akanta a guruf ɗin WhatsApp na ƴan ajinsu, da aka kira yaran cewa sukayi ai ra'ayinsu suka faɗa. Wannan ba ra'ayi bane, cin zarafi ne. Ita kanta sanarwar jami'ar Chicago ta 2015 da kowa ke kafa hujja da ita, wadda tace ba aikin jami'a bane ta kare mutane daga ra'ayin da basa so, ta ware barazana da ƙazafi da tsangwama tace basa ciki.

LauyanGobe: Malama gaskiya kika faɗa, amma ai kinga sun ambaci abubuwan da sunansu ɗaya bayan ɗaya. Tsangwama tana da ma'ana, ana iya kawo shaida a nuna ta. Shi "mutuncin jami'a" da wane ma'auni za a auna shi?

Dan_Tsokaci: ku daina ɗaukar Amurkan nan kamar mala'iku don Allah. A Afrilun 2024 jami'ar Columbia da kanta ta kira ƴansanda suka kwashe sama da ɗalibai 100 da suka kafa tantuna saboda Gaza. Ba yau aka fara ba kuma, a jami'ar California dake Berkeley a 1964 hana ɗalibai ajiye teburin siyasa a bakin ƙofa ne ya tada rigimar da har aka kama wajen mutum 800 a zaman dirshan. Sannan akwai wani ɗalibi Chike Uzuegbunam, a 2016 kwalejinsu a jihar Jojiya ta Amurka ta hanashi raba takardun wa'azin Kirista sai a wasu ƴan ƙananan wurare biyu da aka ware, yaje ya nemi izini ya samu, ya fara magana wani yakai ƙara aka sake tsayar dashi, har Kotun Ƙoli maganar taje a 2021 alƙalai 8 suka ce yana da damar cigaba da ƙararsa, 1 yaƙi. Kunga wannan wa'azi, wancan Falasɗinu, amma sanda ɗaya aka daki kowa da ita, shi yasa in naga ɗalibai suna tafi don an hana wanda basa so magana nake cewa gemun ɗan'uwanku ne ya kama da wuta fa.

MalamaH: SabonShiga, koma cikin littafin ka duba min abu uku: in an hanaka izini ana baka dalili a rubuce? akwai wa'adin kwanakin da dole su amsa, ko sai su ajiye takardarka har ranar taron ta wuce? kuma in kwamiti ya yanke hukunci wajen wa ake ɗaukaka ƙara? Maganar laburare kuma rubuta abinka, kasa rana da lokacin da kaje ka tarar a rufe, kar ka zagi kowa, sannan ka ajiye hoton ƙofar a wayarka.