Dole ne otal ya kasance a bakin tasha a Zermatt?

Hadiza: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Hajiyarmu ta zo daga Zariya tana wajena a Janeba, ina so kafin ta koma in kai ta Zermatt, garin yawon buɗe ido da ke cikin duwatsun Switzerland, kwana uku a watan Satumba, ni da ita da yara biyu. Maigidan bai samu hutu ba. Hajiya tana fama da gwiwa, ba ta iya doguwar tafiya. Jiya na yi waya da Baba Alhaji Garba, ya ce mini a Zermatt duk otal ɗin da ba a bakin tashar jirgin ƙasa yake ba, ka ba da kuɗinka ne ka sayi wahala. To na bakin tashar sun ɗan fi ƙarfin aljihuna, masu sauƙin da na gani duk suna can ciki. Waɗanda suka taɓa zuwa, haka abin yake?

Alhaji Garba: Wa alaikumus salam. Ni na faɗa, kuma ban janye ba. 'Yata, garin nan mota ba ta shigarsa. Kusan duk wanda kika gani a ciki da jirgin ƙasa ya zo. Daga Janeba za ku yi kusan awa huɗu a hanya, ku sauka a Visp ku canja zuwa jan jirgin nan mai ƙaramin layi, shi kuma ya yi ta hawa da ku cikin kwari sama da awa guda. Ku iso da tsohuwa, da yara, da akwatuna. A lokacin nan ba abin da mutum yake so irin ya ga ƙofar ɗakinsa. Sannan duba abin da ke filin tashar: kina fitowa, tashar jirgin da ke hawa dutsen Gornergrat tana kallonki, tsallake fili kawai. Kantin Coop yana nan. Babban titin garin, Bahnhofstrasse, daga nan ya fara. Me za ki je nema a ƙarshen gari?

Dakta Nura: Allah ya ƙara girma, Baba, amma yau kam ba zan bi ka ba. Isowa sau ɗaya ake yi, tafiya sau ɗaya. Taga kuwa kullum da safe ake buɗe ta. Mutum ya bar gidansa ya zo Zermatt don ya ga dutsen Matterhorn ne, ba don ya ga jirgin ƙasa ba. Zuwana na farko irin shawararka na bi, na kama ɗaki taku kaɗan daga tasha. Da na ɗaga labule, bangon wani otal na gani da bututun kicin ɗinsu. Sai da na taka har gadar da ke bayan coci, wadda suke kira Kirchbrücke, kafin na ga dutsen sosai. Zuwa na biyu na sauka can sama wajen Winkelmatten, kuɗin bai kai na farko ba, ina shan shayi a baranda rana tana faɗowa a kan ƙololuwarsa, ya yi ja kamar garwashi. Batun akwati kuma ai an daɗe da warware shi. Otal-otal da yawa suna da 'yar motarsu ta lantarki da ke jiran baƙi a filin tasha, ka sanar da su lokacin isowarka kawai. Wanda ba shi da ita, ga tasi na lantarki a jere.

Alhaji Garba: Tasin da za ta caje ka kuɗin cefanen mako a kan tafiyar minti biyar? Likita, abin da ka rage a kuɗin ɗaki ai a nan za ka mayar da shi.

Dakta Nura: Sau biyu ne fa, Baba. Zuwa da komawa.

Alhaji Garba: Kai ne sau biyu, mai ƙafar matashi. Hajiya za ta so ta koma ɗaki ta yi azahar ta ɗan kishingiɗa, ta sake fitowa da la'asar. Yara su manta hula. Lissafa mini.

Maman Ilham: Ku yi haƙuri in shigo, don ni ce wadda abin ya taɓa ci. Ina ganin ku biyun kuna auna abin da ba shi ne matsalar ba. Shekarun baya na kama mana masauki da aka rubuta mita ɗari huɗu daga tasha. Na duba taswira, gaskiya ne, kusa ƙwarai. Abin da taswirar ba ta nuna mini ba shi ne mita ɗari huɗun nan rabinsu a tsaye suke. Hawa ne, sai matakala, sai wani hawan. Ina goye da Ilham, ina jan akwati, mai gidan kuma ba shi da mota don ba otal ba ne, ɗakunan haya ne. Wallahi sau uku na tsaya ina haki, har wata tsohuwar Baturiya ta karɓi jakata.

Garin a cikin siririn kwari yake kwance, kogin Vispa ya raba shi biyu. Wurin da yake shimfiɗaɗɗe kaɗan ne: babban titi daga tasha zuwa coci, da gefen kogin. Kina kaucewa dama ko hagu, tudu ne. Saboda haka akwai otal da yake minti goma daga tasha a kan miƙaƙƙiyar hanya wanda Hajiya za ta je a hankali da sandarta, akwai kuma wanda yake saman tashar, kina iya jefa masa dutse daga bakin jirgi, amma ba za ta iya hawa ba. Kuma kada a manta garin kansa yana mita 1,600 ne sama da teku, ya ɗara Jos nesa ba kusa ba. Hawan da ba komai ba ne a Janeba, a can sai ki ji numfashi yana gaza ki.

Hadiza: Kai, Maman Ilham, Allah ya saka. Ɗaya daga cikin biyun da na ware ma "mita 350" aka rubuta. Bari in koma in duba.

Maman Ilham: Ki rubuta musu kai tsaye ki tambaya: daga tasha zuwa ƙofarku akwai hawa? Akwai matakala? Wasu na kan tudun sun haƙa lif a cikin dutse daga ƙasan titi, waɗannan ba laifi. Ki kuma tambayi lif na cikin ginin, don tsofaffin gidajen katakon nan ba duka ke da shi ba.

Bashir: Ni dai ina ta kallonku. Yaya Hadiza, wa ya ce dole sai a cikin Zermatt za ku kwana? Ku sauka a ƙauyen Täsch. Kilomita biyar ne kacal, a can ake ajiye motoci, jirgi yana tashi duk minti ashirin, tafiyar minti goma sha biyu. Ni da mota nake zuwa daga Milan, in ajiye ta, in kama ɗaki kusa da tasha a kuɗin da a Zermatt ko ɗakin ajiyar tsintsiya ba za a ba ni ba. Ka ga na cika sharaɗin Baba Alhaji, ina bakin tasha, kuma aljihuna lafiya.

Alhaji Garba: Ɗan nan, ba wannan tashar nake nufi ba, ka sani.

Maman Ilham: Bashir, ka haɗa da kuɗin jirgin mutum huɗu kullum zuwa da dawowa? Kuma komawa ɗaki da rana da Baba ya ambata ya zama tafiya ke nan.

Bashir: Yaran ai ba cikakken kuɗi suke biya ba. Kuma akwai wata fa'idar. Kun tuna Janairun 2018, da dusar ƙanƙara ta rufe hanya saboda tsoron zaftarewa, masu yawon buɗe ido wajen 13,000 suka maƙale a Zermatt, aka riƙa kwaso mutane da jirgi mai saukar ungulu? Ina aka sauke su? Täsch.

Dakta Nura: Satumba za su je, Malam Bashir. Ka kawo wata hujjar.

Anti Rabi: Ni ban taɓa zuwa da tsohuwa ba, amma na je da surukata Interlaken, kuma abin da ya ba mu wahala ba tafiya ba ce, abinci ne. Hadiza, Hajiya za ta ci narkakken cukun nan nasu kwana uku? Fondue ma yawanci da giya ake haɗa shi, sai kin tambaya. Ni a ganina ki bar maganar otal, ki nemi ɗaki mai kicin, ki tafi da garin semo da kuka da yajinki. A nan ne kusanci da tasha yake da amfani, don kantunan suna wajen. Ɗauko ledar cefane zuwa ƙarshen gari ba wasa ba ne.

Maman Ilham: Sai dai masu kicin ɗin su ne galibi ba su da motar ɗauko baƙi, Anti. Abin da ya same ni ke nan.

Anti Rabi: To a nemi mai kicin a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya mana. Ba a rasa ba.

Dakta Nura: Akwai abin da ya kamata a fayyace, don muna ta cewa "tasha" kamar guda ɗaya ce. Wanda ya kwana a Zermatt, tashar da ta dame shi ita ce wadda zai nufa da safe, kuma uku ne. Ta Gornergrat, a gaban babbar tasha. Ta Sunnegga, a tsallaken kogi, jirgin da ke bi ta cikin dutse. Sai ta jirgin igiya mai zuwa ƙololuwar wani dutse da ake kira Klein Matterhorn, can ƙarshen gari ta kudu, tafiyar kusan minti ashirin a ƙafa daga babbar tasha, ko a hau bas na lantarki. Masu zuwa wasan zamiya a kan ƙanƙara da hunturu, sanye da takalman nan masu nauyi kamar turmi, da yawansu gara su kwana kusa da ta ukun. A wurinsu otal na bakin babbar tasha shi ne mai nisa. Shi ya sa na ce kalmar "duk" da Baba ya sa ba ta zauna ba.

Hadiza: To mu wacce za mu hau? Yaran sun ga hoton kogon ƙanƙara na Klein Matterhorn sun nace.

Dakta Nura: Nan kam bari in sa rigar aiki. Klein Matterhorn mita 3,883 ne, kuma cikin ƙasa da awa ɗaya igiya take ɗaga mutum can. Lafiyayyen matashi ma yakan ji jiri da ciwon kai. Ba zan so a kai Hajiya ba, musamman in tana da hawan jini ko ciwon zuciya. Gornergrat ma mita 3,089 ne, ba ƙasa ba ne, amma a zaune ake zuwa, jirgi ne mai haƙora da yake hawa a hankali cikin minti talatin da 'yan kai, tun 1898 yake wannan aikin. Yana tsayawa a tashoshi a hanya, in ta ji ba daɗi sai ku sauka a Riffelalp ko Riffelberg ku huta. Kada ku hau ranar da kuka iso, ku bari ta kwana tukuna. Ku zauna ta hannun dama wajen hawa, ta nan dutsen yake. Kuma ki nuna wa likitan da ke duba ta kafin ku tafi.

Alhaji Garba: Alhamdu lillahi. Likita ya zagaya ya zagaya ya dawo gida. Gornergrat ɗin a ina tasharsa take? A inda na ce.

Dakta Nura: Don Hajiya na yarda, Baba, ba don kowa ba. Kuma ko ita, ban ce a kan filin tashar ba. Wurin nan ba ya hutawa: jirage tun da sassafe, ƙarar tayoyin akwatuna a kan dutse, ga filin jiragen ceto masu saukar ungulu a wannan ɓangaren garin.

Alhaji Garba: Ka matsa ciki kuma ƙararrawar coci ta karɓe ka. Kowa da abin da zai tashe shi. Hajiya ai kafin su duka ta tashi asuba.

Bashir: A Täsch dai shiru ne.

Anti Rabi: Bashir, don Allah.

Hadiza: To ga inda aka kwana. Na rubuta wa wurare uku tambayoyin Maman Ilham. Mai "mita 350" ɗin ya amsa da gaskiyarsa, ya ce akwai hawa mai tsanani kuma ba ya ba mai ciwon gwiwa shawara. Na cire shi. Na biyu ba su da lif, ɗakin a hawa na uku. Na ukun ɗakuna ne masu ɗan kicin a gefen kogi, tsakanin tasha da coci, matar ta ce minti bakwai ne a ƙafa ba hawa, akwai lif, kuma baranda tana kallon dutsen in gari ya yi garau. Ba su da mota, za mu ɗauki tasi ranar isowa saboda kaya. Kuɗin ya fi abin da na yi niyya, bai kai na bakin tasha ba. Na biya.

Alhaji Garba: Minti bakwai ai bakin tasha ne. Allah ya yi miki albarka, kin ji maganar manya.

Dakta Nura: Baba, jiya da ka ji an ce minti bakwai da cewa za ka yi ƙarshen duniya ne.

Alhaji Garba: Jiya ba a ce mini ba hawa ba.

Hadiza: Na karanta wa Hajiya duk abin da kuka rubuta, tana ta dariya, tana gaishe ku. Ta ce ita dutse ba baƙonta ba ne, ta girma tana kallon Kufena. Abin da take so a tambaya mata shi ne, a barandar nan ina ne alƙibla.

Dakta Nura: A gaishe ta da kyau. Dutsen yana kudu maso yamma da garin, alƙibla kuma kudu maso gabas. In ta fuskanci Matterhorn, ta juya hagu sosai, ta ɗan ƙara kaɗan. Ki tabbatar da wayarki in kun isa, don ban san yadda barandar ta karkata ba.