Himma ko Jini? Gardamar da Wani Tsohon Fim Ya Tayar a Gidanmu

Auta: Assalamu alaikum mutan gida. Jiya da aka kawo wuta na kalli wani tsohon fim na Amurka, Gattaca, na 1997, har yanzu bai sake ni ba. Wani zamani ne aka nuna da iyaye ke zuwa asibiti a tace musu ɗan tayi tun kafin ya shiga ciki, a zaɓi wanda ba shi da ciwon gado, ba gajere ba, ba mai raunin ido ba. Shi jarumin, Vincent, haka nan aka haife shi irin tamu. Ranar haihuwar aka ɗiga jininsa a na'ura, ta ce kashi 99 cikin 100 zai yi ciwon zuciya, kuma shekara 30 da 'yan watanni zai yi a duniya. Ba inda ake ɗaukarsa aiki sai shara da goge-goge. Amma a ƙarshe shi ne ya hau kumbo zuwa Titan, wani wata na duniyar Saturn. To ni na yanke: himma ta fi jini. Duk gwaje-gwajen nan da ake tayar wa mutane hankali da su ba su ke yanke wa mutum hukunci ba. Wanda ya musa ya fito.

Yaya Injiniya: Wa alaikumus salam. Na fito. Na kalle shi sau biyu tun kana firamare. Ka ba da labarin ka tsallake tsakiyarsa. Da me ya shiga aiki a kamfanin harba kumbon? Da jinin wani. Ya samu Jerome, wanda aka tace tas amma ya gurgunce, ya sayi sunansa. Kullum da asuba sai ya kankare fatarsa ya ƙona, ya ɗaura ledar fitsarin Jerome a cinya, ya manna jininsa a kan yatsa saboda ƙofar da ke tsira wa ma'aikata allura. Har ƙafafunsa aka yanka aka ƙara musu tsawo. Wannan a wajenka himma ce? A kasuwar Kwari sunanta algus.

Auta: Yaya, lissafin tafiyar kumbon fa shi ya yi da kansa. Jinin Jerome ƙofa kawai ya buɗe masa, bai zauna ya yi masa aikin ba.

Yaya Injiniya: Na yarda da wannan. Amma ka tuna inda aka hau da su injin gudu ana sauraron bugun zuciya? Bugun Jerome da aka naɗa ya saka musu. Da ya sauka ya shiga ɗakin canza kaya, zubewa ya yi yana haki kamar ransa zai fita. Wannan mutumin ne zai ja ragamar tafiyar shekara guda da rayukan wasu a ciki. Idan direban tirela ya sayi takardar gwajin ido alhali ba ya gani da daddare, za ka hau ka zauna a gaba kana yaba himmarsa daga Kano zuwa Legas?

Auta: To iyon fa? Ƙaninsa Anton, wanda aka tace, kullum shi ke cinye shi a teku suna yara. Daga baya Vincent ya kayar da shi har sau biyu, kuma shi ya janyo shi bakin gaɓa da zai nutse. Da aka tambaye shi sirrin, cewa ya yi bai taɓa ajiye ƙarfin dawowa ba. Himma ba ta ga raggo.

Yaya Nas: Auta, wanda bai ajiye ƙarfin dawowa ba mu muke karɓarsa a sashen gaggawa. Ka bar ni da wannan.

Ku duka kun haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Akwai ciwon da ƙwayar gado guda ɗaya ke kawowa, kamar sikila. Wannan lissafinsa a fili yake: AS ya auri AS, kowane ciki akwai ɗaya cikin huɗu ya zo SS. Kowane ciki na ce, ba wai ɗa ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ba. Na ga gidan da uku suka zo a jere. Sannan akwai irin ciwon zuciya, hawan jini, ciwon suga, waɗanda ƙwayoyin gado masu ɗimbin yawa ke da hannu a ciki, ga abinci, ga taba, ga zaman wuri ɗaya. A nan gwaji sai dai ya ce haɗarinka ya fi na wane. Babu na'urar da za ta ɗiga jinin jariri ta faɗi shekarun mutuwarsa, wannan ƙirƙirar masu fim ce. Tun 2003 aka sanar da kammala babban aikin karanta kundin halittar ɗan Adam, har yau ba a je nan ba.

Abin da nake tsoro shi ne ka ɗauki wannan magana taka ka kai ta wajen neman aure.

Auta: Ni ban ambaci aure ba fa.

Yaya Nas: Ka ce "duk gwaje-gwajen nan". A garin nan wane gwajin jini ne ke tayar wa mutane hankali in ba shi ba? Tun da gwamnan Kano ya sa hannu a dokar gwaji kafin aure a 2024 nake jin samari na irin maganarka. Wasu har takardar bogi suke nema, a rubuta AA. Ga Vincent ɗinka nan a unguwa.

Gwaggo: Ban kalli fim ba, ba kuma zan kalla ba. Amma tunda an zo kan jini zan yi magana.

Lokacin da aka yi aurena ba wanda ya san wani AS. Ɗana mai sikila yana wata takwas hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura, yana tsala kuka, ana ta ce mana amosani ne, a shafa wannan a turara wancan. Na san daren hunturu da zan dafa ruwa in zuba a gora in naɗe da zani in kara masa a gwiwa, yana cije filo don kada ya tashi ƙannensa. Na san zaman benci a asibiti ƙarfe biyun dare ana neman wanda zai ba da jini leda ɗaya, Baffanku yana bin 'yan uwa a waya. Idonsa ya yi rawaya kamar an ɗiga kurkum. A irin wannan daren ka zo ka ce masa himma ta fi jini, Auta, ka ga ko ba zan kore ka da muciya ba.

Auta: Allah ya huci zuciyarki Gwaggo. Wallahi ba shi nake nufi ba.

Gwaggo: Na sani ɗan nan. Ban gama ba. Shi kuma Injiniya da ke maganar algus, ka saurara. Yaron nan ya gama jami'a, jarrabawa biyu daga gadon asibiti aka kai shi ya rubuta. Ya nemi aiki a wani kamfani, ya ci rubutacciya, ya ci ta baka, har an ce ya kawo takardu. Sai aka tura su gwajin lafiya. Daga ranar waya ta ɗauke. Aikin zama ne a gaban kwamfuta, ba dakon siminti ba. Ranar da ya dawo ya ajiye fayil ɗin a kan firji bai ce komai ba, da wani ya zo min da takardar AA ta sayarwa, ban san me zan yi ba. Gaskiya nake faɗa muku.

Yaya Injiniya: Gwaggo wannan zalunci ne, ba na musu. Amma aikin ofis daban, jan kumbo daban. Inda ran wasu ke hannunka dole a gwada ka.

Yaya Nas: A gwada abin da jikinka ke iya yi yau, na yarda. Ba a duba takarda a yanke maka abin da za ka zama ba. Su kansu Amurkawan sun yi wannan kuskuren da gaske, ba a fim ba. Makarantar horar da hafsoshin sojan samansu ta daɗe ba ta ɗaukar masu AS, mutanen da lafiyarsu ƙalau, sai a 1981 aka janye. Kuma sai 2008 suka yi dokar da ta hana mai ɗaukar aiki da kamfanin inshorar lafiya su nuna wa mutum bambanci saboda bayanan ƙwayoyin gadonsa. Shekara goma sha ɗaya kenan bayan fim ɗin.

Baffa Malam: Na karanta duka. Auta, kalmarka ce ta karkace. Ka sa himma da jini a sikeli kamar su biyu ne kaɗai ke da iko. Jinin ƙaddara ne, himmar ma ƙaddara ce. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham aka ce masa annoba ta ɓarke, ya juya da jama'a. Aka ce masa gudun ƙaddarar Allah yake yi? Ya ce daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Wanda ya yi gwaji ya fasa aure bai yi wa tawakkali laifi ba. Wanda kuma ya ɗauki takardar gwaji ya ce ya san ajalin wani, ya shiga hurumin da ba nasa ba.

Ita kuwa takardar bogi a wajen aure, ba ka da ta cewa. Ba kai za ka sha ciwon ba, wanda bai zo duniya ba ne, kuma ba a yi shawara da shi ba.

Auta: Allah ya gafarta Malam, to wanda aka rufe wa kowace ƙofa da zalunci fa, kamar Vincent? Ya zauna yana shara har ya mutu?

Baffa Malam: Wannan tambaya ce mai nauyi, ba zan amsa ta da babban yatsa a waya ba. Ka zo gida bayan Isha'i.

Yaya Injiniya: Wani abin da Auta bai faɗa ba: shi Jerome ɗin da aka tace, ba hatsari ne ya gurgunta shi ba. Gwanin iyo ne da aka ƙera don ya zo na ɗaya, sai ya samu lambar azurfa. Ya kasa ɗauka, ya faɗa gaban mota da gangan. In akwai abin da fim ɗin ya gamsar da ni, wannan ne, ba hawan kumbon ba.

Auta: To ai hujjata ce ka kawo Yaya! Jini mai kyau, ba himma, ga inda ya ƙare.

Yaya Injiniya: A'a. Wanda ya zo na biyu a gasa ba raggo ba ne. Nauyin da aka ɗora masa tun yana ciki ne ya karya shi.

Yaya Nas: Kuma wa ke yanke wane jini ne mai kyau? Ita ƙwayar S ɗin da muke kuka da ita, abin da ya sa ta yawaita a ƙasashenmu shi ne mai AS yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, musamman yana yaro. Da kakanninmu suna da injin tacewa suka share ta, wa ya san nawa sauro zai kwashe?

Kada ku ɗauka abin yana nesa. A 2018 wani masani a Sin, He Jiankui, ya sanar da haihuwar tagwaye mata da ya taɓa wa ƙwayoyin gado tun suna ɗan tayi, wai don kada su kamu da ƙanjamau. Kotu ta ɗaure shi shekara uku. Amma da wannan fasahar dai, CRISPR, aka yi maganin sikila mai suna Casgevy, wanda Birtaniya ta amince da shi a Nuwamba 2023, Amurka a Disamba. Ana ciro ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majinyacin, a gyara su, a ba shi magani mai ƙarfi ya share ɓargon, sannan a mayar. Shi kaɗai yake amfana, 'ya'yansa ba sa gadon gyaran. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2.

Gwaggo: Miliyan nawa? Na dala?

Yaya Nas: Na dala, Gwaggo. Kuma ba ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu ciwon.

Ɗan Gwaggo: Tun ɗazu ina kallonku kuna ta yanka ni kuna rabawa kamar naman layya. Auta, bawana, na kalli fim ɗin naka tun kafin ka san hanyar makaranta, kuma ban ga kaina a jikin Vincent ba. Mutanen da ya yi shara tare da su fa? Da kumbo ya tashi suna nan riƙe da tsintsiya. Dokar ba ta canza ba, mutum ɗaya ne ya zille. Kuma ka manta yadda ya zille ɗin. A ƙofar ƙarshe an yi gwajin fitsari ba zato, ba shi da ledar Jerome, na'ura ta tona shi. Likitan ne ya danna ya canza sakamakon, saboda shi ma yana da ɗa wanda bai fito yadda aka yi masa alkawari ba. Ashe tun tuni ya sani yake yin shiru. Duk kankarar fatar nan da yanke ƙafa, da likitan nan ya tashi da ɓacin rai ranar, da a gidan yari za a ƙare.

Ni a kamfanin can ban samu irin likitan ba, shi ke nan bambancinmu. Kuma da za a dawo da ranar, ba takardar wani nake so ba. So nake wanda ya ga SS ɗin ya kira ni ya tambaye ni kwana nawa na yi a asibiti bara. Kwana huɗu ne. Auta da yake AA ya fi haka a kwance da taifot.

Auta: Wa kake kira bawa? Kuma kwana biyar ne kawai.

Ɗan Gwaggo: Biyar ya fi huɗu, jarumi.

Yaya Injiniya: Har yanzu dai ba wanda ya amsa min maganar direban tirela.

Gwaggo: Ku amsa masa da safe. Kai kuma ɗana, na ji sanyi ya fara sauka, ka sa rigar sanyinka, ka cika gorar ruwanka kafin ka kwanta.